Sallau da Takunkumin Gimbiya

Ran wata Talata, kasuwar Mafara ta cika tana batsewa, maƙwabcina Sallau ya tsaya tsakiyar tasha daga shi sai ɗan gajeren wando mai faci biyu a baya, ga surukinsa Bappa Jibo dogare da sanda yana kallo. Ni ma ina wurin, kuma ban kau da kai ba, don irin wannan ba kullum ake samu ba.

Motarsa ce ta ƙi mutuwa. Ya tashe ta, ya taka totur don jama'a su ji sabuwar muryarta, ya ɗaga ƙafa, ita kuwa ta ci gaba da kururuwa tana ƙarawa. Ya ja wayar kashewa, ko gezau. Hayaƙi ya murtuke, masu tumatir suka watse. Sai ya tuna abin da ya taɓa gani wajen aikin dam ɗin Bakolori: injin gas in ya haukace, numfashi ake toshe masa. Ya ɓalle murfin inda injin ke shan iska, ya tuɓe riga ya cusa. Ba ta isa ba. Ya tuɓe wando ya danna a kai. Injin ya yi tari uku ya yi tsit.

Bappa Jibo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Sallau, lahiya dai?"

A haka ya durƙusa. "Lahiya lau, Baba. Ina gajiya? Ina shanu?"

Sallau mutumin wani ƙauye ne gefen Maradun. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya hau gonarsa ta gado, ya koma tuƙin tipa a kamfanin da ke ginin. Da aiki ya fara ja baya aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ya haɗa diyyar gonar da abin da ya tara ya sayi guda, aka buga mata bodin katako, ya sa mata suna Gimbiya. Ya dawo Mafara, katanga guda ta raba mu. Albasa, shinkafa, fasinja, duk abin da ya samu tsakanin Bakura da Maradun ɗauka yake. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. In injin nan ya fashe, tukunyar matarsa Safara'u ta sauka ke nan.

Ciwonsa guda: tambaya. Mutum ne da in ka ba shi agogo ya duba maka lokaci, sai ka karɓi abinka cikin faranti. Abin da ya dame shi ga Gimbiya shi ne, komai ya taka totur, ko zai huda ƙasan motar, in ƙarar injin ta kai wani wuri sai ta tsaya cak. Ya kira ni ya nuna mini wata siririyar waya ɗaure a jikin famfon mai, da ɗan dunƙulen dalma a bakinta kamar laya.

"Yari, mi ke cikin nan? Wa ke gaya ma ƙarhe ya isa haka?"

Na ce, "Aljani ne Turawa suka ɗaure. Kwance ka gaishe shi."

Ban san zai ɗauki rabin maganata ba. Ya tafi wurin Hayatu, bakaniken da samari ke kai wa motoci yana ƙara musu wuta. Hayatu ya ce wannan takunkumi ne kamfani ya sa don direbobin haya kada su kashe musu inji, shi kuwa yanzu mai mota ne, wa zai sa masa takunkumi? Ya fito da wani sifirin mai tauri, ya ce daga Kano ya zo, da shi Gimbiya za ta riƙa wuce Fijo. Ya datse wayar, ya buɗe famfon, ya cire sifirin kamfani ya sa na Kano. Kwana biyu tsakani aka yi waccan Talatar. Da Sallau ya koma wurinsa, Hayatu ya ce wani ɗan ƙarfe ne ya cije a ciki, ya sassauta shi, sifirin dai ya bar abinsa.

Sallau ya tsorata, amma bai daina tunani ba. Ya ce tunda takunkumin kamfani ya tafi, na Kano ba shi da kunya, zai yi nasa. Ya sassaƙo guntun iccen kirya ya kafa ƙarƙashin totur, yadda ƙafa ba za ta wuce rabi ba. Kan shimfiɗaɗɗiyar hanya abin ya yi kyau, har yana kiran mutane su leƙa. Sai ran kasuwar Maradun, an yi lodin albasa har sama, muka zo wani hawa. Mota na neman mai, icce ya hana. Ta yi nishi ta tsaya. Mu goma sha ɗaya muka sauka muna turi, ni da na biya kuɗin gaba har da ni. Da aka sauke kaya kuwa, rabin totur ɗin ma sai ga injin yana neman tashi sama.

Ya zauna bakin hanya ya daɗe yana juya iccen a hannu. Can ya ce, "Wanga abu ƙahwata ya sani, bai san injin ba."

Washegari ya kwance famfon, ya naɗe cikin zanen Safara'u, sai Sakkwato, wurin wani tsoho Maiwada da ya yi aikin famfuna a kamfani. An ce masa ya bari ya dawo jibi, ya ce ƙafarsa ƙafar famfo. Kwana uku yana zaune kan benci sai da aka buɗe gabansa.

Ya dawo fuska kamar wanda ya sauka daga Hajji. Ya zaunar da ni ƙofar gida, ya ce babu aljani, wasu 'yan ƙarafa ne masu nauyi ke juyawa tare da injin. In gudu ya yi yawa sai su buɗe kamar majajjawa, su janye mai da kansu. In lodi ya danne injin su tsuke, mai ya ƙaru. Sifirin shi ke faɗa musu inda za su tsaya, na Hayatu kuwa ya fi ƙarfinsu. Maiwada ya mai da irin na asali, ya auna a na'ura, ya ɗaura sabuwar waya da dalma, ya ce da Gimbiya ta ƙara minti guda tana wancan ihu, da sai dai a sayar da ita ga maƙera.

Na ce, "To, gwanin bincike. Ka biya an cire, ka biya an mai da, mun yi maka turi kyauta, ga ka inda ka faro. Ribar mi?"

Ya shafa dalmar da yatsa, ko kallona bai yi ba.

"Ni dai tawa ta gyaru, Yari. Kai shekara hamsin bakinka na gudu ba lodi, na yi ma Maiwada bayaninka, ya ce irin naka ko kamhwani bai yi mashi sifirin ba."