Kunnen Hagu na Kawu

Ranar da kawu ya ɗora min abin sauraro a kai ya ce in ji kiɗan ƙarshen fim ɗin, ban kai ko'ina ba na fizge shi. Ɓangaren hagu ƙara yake kamar zai fasa min dodon kunne, na dama kuwa da ƙyar ake ji.

"Kawu, abin nan ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau. Ke dai digiri ne ya toshe miki kunne."

Ya mai da shi kansa yana gyaɗa kai, har ya ƙara wa hagun ƙarfi. Da ya cire, na zagaya ta hagunsa na kira shi a hankali. Bai juyo ba. Na sake kira. A nan na gane kunnensa na hagu ba ya ji, kuma har yau ban dawo daidai ba.

Kawu ƙanin mamata ne. Gyaran firij ne sana'arsa tun yana saurayi, amma zuciyarsa tana ɗakin bayan shago, wanda ya lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai da tsoffin barguna. Bai taɓa riƙe abin kiɗa ba. Sauti yake ɗauka: gurnanin firij, keken ɗinkin mama, ɗigon famfo. Sai ya zuba a kwamfuta, ya ja wannan, ya datse wancan, har su zama kiɗa. Mama takan ce a duniya ƙaninta kaɗai ne zai yi fushi don an sa wa ƙofa mai.

Bara wani darakta ya ji aikinsa, ya ba shi kiɗan fim gaba ɗaya, da alƙawarin za a fitar da shi a albam da sunansa. Ba a taɓa yi masa haka ba.

Ranar da na gane matsalar kunnen, na ce masa mu tafi asibiti. Ya daɗe yana murza wata waya a hannu.

"Na sani, 'yar nan. Ya kwana biyu. Wani siririn fito nake ji a ciki, ba ya tsayawa."

"To me kake jira?"

"In suka ce in ajiye abin sauraro fa? In bar wa mutane aiki a tsakiya?"

Na fashe da kuka. Ya ce in share hawaye kada in jiƙa masa na'ura. Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya: zan zama kunnensa na hagu, shi kuma ranar da aka gama, sai asibiti.

Ga yadda muka yi. Nakan zauna da abin sauraro, idona a rufe, in nuna da yatsa inda sautin ya karkata. Shi kuma ya riƙa murza maɓalli har yatsan ya dawo saitin hancina. Sauti mai kauri kuwa, tafin hannu yake ɗorawa a lasifika ya ji shi. Duk kiɗan da ya riga ya haɗa sai da muka warware shi, domin duk ya karkace. Bai taɓa cewa ya gaji ba. "Da ma ba ki sami aiki ba," in ji shi, "ga ofis."

Wuri ɗaya ya hana ni gyarawa. Inda ake faɗa wa matar fim ɗin mummunan labari, ya kashe hagun gaba ɗaya, ya bar wani siririn fito shi kaɗai. Yatsana ya yi dama.

"Sauke hannunki. Wannan da gangan ne."

Mun gama, mun aika. Washegari shi ya riga ni shiryawa. An gwada kunnen, an ɗauki hoton kansa, likita ya ce za su kira mu idan sakamako ya fito. Na tambaya ko abin zai iya kama na daman, ya ce sai ya gani.

Kawu ya koma shago, jiya ma na same shi yana ɗaukar sautin wata tsohuwar fanka. Lambata muka bari a asibitin. Har yanzu ba su kira ba.