Gaɓa ta Biyu a Sandar Alhaji

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mijina, Alhaji Sani, a nan New York. Ni ban yi boko ba, a allo ma ban wuce ƙananan surori ba. Maƙwabciyata Malama Rabi ce ke riƙe da alƙalami. Ina faɗa tana rubutawa, idan kuka ya ci ƙarfina ta dakata.

A Zangon Kumasi aka haife mu, ni da shi. Can ana kiranmu baƙi. Da ya je Katsina neman dangin kakanninsa, aka ce ga ɗan Gana ya zo. Da muka iso Amurka kuma, kowane fom sai ya tambaye shi ko shi wane iri ne. Yakan dawo gida ya ce, "Uwar Zainabu, yau ma an tambaye ni, yau ma na yi in'ina."

Ya daɗe yana aiki a kicin ɗin wani otel tare da wani dattijo ɗan Indunusiya, Pak Darman. Wannan "Pak" ɗin kamar "Baba" ne a wurinsu. Wata Juma'a ya kawo shi gidanmu a Harlem cin tuwo, sai Alhaji ya fara kukan nan nasa na fom. Pak ya ce su kalma ɗaya gare su, bangsa. A ƙasarsu, duk da yawan tsibirai da harsuna, jama'ar gaba ɗaya bangsa guda ce. Maƙwabtansu na Maleshiya idan suka tambayi bangsarka, yawanci ƙabilarka suke nufi. Tsofaffi kuma idan suka ce mutum yana da bangsa, ɗan asali ne. Ya ce daga wani tsohon harshen Indiya kalmar ta zo, inda take nufin gora, take kuma nufin zuriya, domin gora gaɓa bisa gaɓa take tashi, kamar ɗa bisa uba.

Alhaji ya ajiye loma ya ce, "Ashe ba ƙasa na rasa ba, sanda na rasa!"

Pak ya ce, "Kai gishiri ka rasa, shi ya sa ba ma barin ka kusa da tukunya."

Da mako ya zagayo sai ga Pak da sandar gora mai gaɓa bakwai. Alhaji ya dama tawada irin ta gida, gawayi da ƙaro, ya rubuta suna ɗaya a kowace gaɓa da ajami. A can ƙasa Gambo Madugu, wanda ya baro Katsina da jakuna. Sai ɗansa. Sai Abdu Mai Goro, sai Mamman Tela, sai shi Sani, sai 'yarmu tilo, Zainabu. Ta bakwai ya bar ta fara. Duk Juma'a bayan masallaci zai buga sandar a ƙasa sau biyu, ya bi gaɓoɓin da yatsa yana karanta wa Zainabu. Ita tana hamma tana amsa masa da Turanci, ni kuma ina jiyowa daga kicin, hankalina rabi a kan miya.

Mutumin gaɓa ta biyu shi ne ya fi tsaya masa a rai. A hanyar Salaga ya rasu, fatake suka binne shi suka wuce, ya bar mace da cikin Abdu. Babu wanda ya san kabarinsa, ba a kuma taɓa yi masa takwara ba. A gadon asibiti Alhaji ya kama hannuna ya ce, "Idan Allah ya ba Zainabu namiji, sunansa za a sa." Na ce na ji, na ɗauka.

Ga laifina. Bayan rasuwarsa zafin hita, abin ɗumama ɗaki, ya fara tsaga sandar. Na tsorata, na riƙa shafa mata man kaɗanya da tsumma duk Juma'a, kamar yadda nake shafa wa Alhaji a ƙafa lokacin sanyi. Na san tawada ba ta jure ruwa, amma na ɗauka mai kare ta zai yi. Ga yanar ido ta rufe mini gani, ba na ganin abin da ke biyo tsumman. Bara aka cire mini yanar. Na dawo gida, abin da na fara nema in gani shi ne rubutun mijina. Sai na tarar da sanda tana ƙyalli, sumul, babu ko ɗigo.

Na ce ba komai, ai sunayen suna kaina. Na ɗora yatsa na ce Gambo Madugu. Na hau gaɓa ta biyu, bakina ya buɗe, babu abin da ya fito.

Na kai wa limaminmu na titin 116. Ya juya ta a bakin taga ya daɗe, sannan ya ce, "Hajiya, kamar harafi ɗaya nake gani, shi ma ba zan rantse ba." Na buga waya Kumasi. Tsaran Alhaji duk sun tafi, na baya kuma a kan Abdu saninsu ya tsaya. Pak ya koma ƙasarsu tun tuni, labarin rasuwarsa ma ya iske mu.

Yanzu Zainabu na da tsohon ciki, bayan mun gama fid da rai. Likita ya ce namiji ne, watan gobe. Ta ce, "Mma, kowane suna ma ya yi." Amma na gan ta ta ɗauki sandar tana motsa baki, tana neman abin da ta yi wa hamma.

Da la'asar, idan hita ta fara ƙwanƙwasa, sau biyu take bugawa. Sai in juya ina jiran muryarsa. Ban san me zai ce ba da ya ga sandar yau. Wani lokaci ina jin kamar zai yi dariya ya ce, "Uwar Zainabu, kin mai da kakannina kamar tukunyar amarya." Wani lokaci kuma sai in gan shi yana kallona irin kallon asibiti. Wannan ne ke hana ni cin abinci.

Me ya rage na Alhaji? Mutum ne da ƙasa uku suka ce ba nasu ba ne, ya sami inda zai tsaya a bakin wani baƙo ɗan'uwansa. Sandar tana nan, gaɓoɓinta ba su ragu ba, jikansa kuma yana tafe.

Don haka nake roƙon masu karatu, musamman tsofaffin Zango. Wanda ya taɓa jin sunan ɗan Gambo Madugu, uban Abdu Mai Goro, don Allah ya aiko ta hannun jaridar nan kafin ranar suna. Idan ranar ta zo ba a samu ba, Sani za a raɗa wa yaron, liman ya rubuta a gaɓa ta bakwai, ba kuma zan ƙara shafa mata komai ba. Ni zan koya masa sunayen da baki. Idan muka zo ta biyu, zan danna ɗan yatsansa a wurin, mu yi shiru na numfashi ɗaya, sannan mu wuce.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya jiƙan wanda na goge.