Ranar da forom ya kashe matafiyan Agadas

Duk wanda ya fara aiki ƙarƙashina, kafin in ba shi lambar sirri ta shiga, sai ya zauna ya ji labarin wata Talata ta bazarar 2010. Na san wasunku sun ji har sun gaji, ina ganin yadda kuke haɗa ido. Ku yi haƙuri ku sake ji, don ranar nan ta ƙi barin raina.

A shekarar ne sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kuma daminar da ta gabata ba ta yi ba. Makiyaya sun cika bakin gari da ragowar dabbobin da ko tsayuwa ba sa iyawa, gero ya yi tsadar da magidanci zai zagaya kasuwa sau biyu kafin ya tsaya gaban mai awo. Ni kuwa ina riƙe da wani ƙaramin siber, wato shagon intanet, kusa da tasha, ƴan ordinatar, wato kwamfutoci, da injin kwafi da wata fanka da ta fi ba da ƙara a kan iska. Bayan wannan, ƙungiyar ƴan Agadas mazauna waje ta damƙa mini kula da forom ɗinta.

Ku da kuka tashi da salula a hannu ba ku san darajar forom ba. Shafi ne a intanet inda mutum zai yi rajista da sunansa, ya rubuta, wasu su amsa masa a ƙasa. Ɗan Agadas da ke Libiya ko Faransa nan yake jin wa ya haihu, wa ya yi aure, nawa ake sayar da buhu. Ƙarƙashin sunan kowa akwai laƙabi, kuma laƙabin nan shi ne ainihin aikina. Sabon zuwa Baƙo ne. In ya daɗe ya zama Ɗan gida. Wanda aka yarda a ba shi saƙo ya kai wa iyali, Amintacce. Direba ko ɗan kasuwa da zai shiga hamada sai ya leƙo ya ce, "Madam Ramatu, gobe za mu ɗaga," in sa masa Kan hanya, in ya dawo in cire. Na ƙarshe shi ne Marigayi. Ba mu share sunan wanda ya rasu, muna barin rubuce-rubucensa don ƴan uwa su riƙa karantawa suna yi masa addu'a.

Wannan na ƙarshen yana da doka. Mutum biyu kaɗai ke da ikon sa shi, ni a Agadas, da Malam Abari, wani malamin makaranta da ke Dirku, can cikin hamada. Kuma ba ma sawa sai mun ji daga bakin wanda ya tsaya a jana'iza. Saboda haka bai taɓa yin ƙarya ba, har mutane suka fi yarda da shi a kan labarin tasha.

To, forom ɗin ya tsufa, yana yawan maƙalewa. Ƙungiya ta sa Musa, wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a Yamai, ya kwashe komai ya zuba cikin sabon tsari. Ya yi aikinsa ran Litinin, ya aiko mini da saƙo yana ta yabon kansa. Ni ban ma gani ba, don an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun ranar, bai dawo ba sai hantsin Talata.

Kuran na dawowa na kunna inji ke nan, sai ga Kawu Mamman ya yi sallama. Dattijo ne mai sayar da gishiri da dabino, baffan wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ake kira Buba. Buba ya bi ayarin Dirku da lodin gero. A lokacin ba a shiga hamada sai da rakiyar soja, motoci su taru su tashi tare. Kowa a tasha ya san ayarin ya isa ban da motar Buba, wadda aka ce ta lalace an bar ta a baya kusa da wata rijiya. Tun daga nan shiru.

Kawu ya zauna ba tare da ya jira an ba shi kujera ba, ya ce, "Ɗiyata, sanarwa za ki buga mani, in kai gidan rediyo kafin azahar. Buba ya rigaya mu."

Na yi salati. Na ce, "Baba, wa ya kawo labarin?"

Ya dube ni da mamaki. "Ke kike tambaya ta? Ai ku kuka rubuta. Ƙanensa da ke Sabha ta Libiya shi ya gani a wurinku, ya kira da asuba yana kuka."

Na buɗe sabon forom. Ya fito fes da sababbin launuka, ga sunan Buba, ga Marigayi a ƙarƙashinsa. Ni ban sa ba. Ke nan Malam Abari ne, kuma Malam Abari ba mutumin gaggawa ba ne. Na kira shi, babu rezo a Dirku, waya ba ta shiga. Gaskiya a wannan lokacin ni ma na yarda, hawaye suka zubo mini, don na san Mariama matar Buba tun muna ɗibar ruwa tare, ga yara ƙanana. Na buɗe shafin rubutu, na fara buga Inna lillahi.

Ban gama layin farko ba sai na ji tsawa daga ordinatar ta ƙarshe, ta jikin bango.

"Madam! Wa ya kashe ni?"

Agali ne, maƙerin azurfa. Tun da masu yawon buɗe ido suka daina zuwa, kullum yana siber yana rubuta wa tsofaffin abokan cinikinsa, ko Allah zai sa wani ya tuna da shi. Ya miƙe tsaye, rawaninsa ya kwance, yana nuna allo da yatsa. Na je na duba. Ga sunan Agali, ga Marigayi, ga kuma Agalin da kansa yana huci da goro a baki. Ashe da zai tafi Iferwan wurin ƴan uwansa na sa masa Kan hanya, ya dawo bai ce mini in cire ba, halinsa ke nan.

Nan take kaina ya ɗauki haske. Allah ya sa Musa bai rushe tsohon forom ba, ya bar shi a gefe ana iya karantawa. Na buɗe tsohon a ordinatar ɗaya, sabon a ta kusa da ita. A tsohon, Buba yana Kan hanya, Agali yana Kan hanya. Na bi sauran matafiya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda tsohon ya ce yana kan hanya, sabon ya binne shi. Waɗanda kuma suka rasu da gaske, ƙarƙashin sunansu fayau, babu komai.

Na kira Musa. Ya ɗauka da fara'a yana jiran in yaba. Na ce, "Musa, sannu da aiki, ka kashe mana direbobi gaba ɗaya." Na ji yana ta danne-danne, can ya ce, "Kai! Pardon, tanti, c'est pas possible!" Wato yana ba ni haƙuri da Faransanci, wai wannan ba zai yiwu ba. Ya bayyana mini cewa inji bai san kalma ba, lamba ya sani. Kowane laƙabi da lambarsa a jere. Sabon tsarin ba shi da gurbin Baƙo, don haka layin ya gusa da ɗaya, lambar matafiya ta faɗa kan mamata. Ya ce in ba shi ɗan lokaci zai gyara babu wanda zai sani.

Na ce, "Kada ka taɓa komai tukuna. An riga an sani, har an shimfiɗa tabarmi. In ka goge a ɓoye, cewa za a yi mun ji tsoro mun janye gaskiya. Ka bar shi har dattijon nan ya gani da idonsa, sannan ka manna sanarwa a kan shafi, da Hausa da Faransanci, cewa kuskuren inji ne." Ya ce dakor, ya yarda, muryarsa kamar zai yi kuka. Ban ƙara masa ba, yaro ne mai zuciya, kuma kyauta yake yi mana aikin.

Kawu Mamman ba ya karanta boko. Na ɗora yatsa a kan kalmar da ke ƙarƙashin sunan Buba, na ɗora a kan wadda ke ƙarƙashin sunan Agali, na ce ya duba ko siffarsu ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya kama hannun Agali ya matsa, kamar mai duba rago a kasuwa. Agali ya ce, "Baba, a hankali, ina da rai amma yunwa nake ji." Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Tashi, ɗiyata. Mata na can za su sa yarinyar nan takaba. Ni in na faɗa ba za su ji ba, cewa za su yi tsufa ne."

Na bar siber a buɗe, na ce wa mai shayin ƙofa ya sa ido. Muka hau kabu-kabu, na tilasta wa Agali ya biyo mu. A ƙofar gida maza sun fara jeruwa a inuwar bango. Na bar su Kawu a nan na shige ciki.

Tsakar gida cike da mata, wasu na kuka, wasu sun ɗora tukunya. A ɗaki na tarar da Mariama zaune a ƙasa, an kawo zanen da za ta sauya an ajiye gefenta. Wata tsohuwa na cire mata kayan ado. An zare awarwaro, an cire ɗan kunne ɗaya, hannun tsohuwar na kan na biyun. Na ce, "Ku dakata!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Inna, mahaifiyar Buba, ta ɗago kai. Na durƙusa gabanta na faɗi abin da ya faru yadda za ta gane. Na ce babu mutumin da ya rubuta kalmar nan, inji ne ya rikice, ya sa ta a kan duk wanda ya yi tafiya, kuma ga ɗaya daga cikin mamatan can a ƙofa yana cin goro. Aka aika wata ta leƙa. Ta dawo riƙe da baki ta ce wallahi Agali ne, ɗan gidan maƙera. Ɗakin ya rikice, wasu na hamdala, wata har ta fara guɗa.

Inna ba ta motsa ba. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ramatu, dube ni. Ɗana na da rai?"

Bakina ya so ya ce e, Allah ya sani ya so. Amma da safen nan na ga abin da kalma ɗaya marar shaida ta yi wa gidan nan. Na ce, "Inna, ban sani ba. Abin da na sani, babu wanda ya ce ya mutu. Inda muke jiya, nan muke yau, muna jira."

Ta saki hannuna a hankali ta ce, "To a naɗe zanen nan a mayar cikin akwati. Masu tabarma su tsaya su yi mana addu'ar dawowa, tunda sun riga sun zo." Tsohuwar ta miƙa wa Mariama ɗan kunnenta. Mariama ta karɓa, amma ba ta mayar ba, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Musa ya gyara lambobin, ni kuma na bi sunayen waɗanda suka rasu da gaske na mayar musu da laƙabinsu da hannuna, kowanne ina karanta masa fatiha. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ruga in ɗauka. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Malam Abari ya kira ta wayar satelit ɗin wani ɗan kasuwa, mai aiki da tauraron ɗan'adam. Bai ko gaishe ni ba ya ce, "Ga mamacinki." Sai na ji muryar Buba a dishe, yana cewa an jawo motarsa, geron ya isa, su da yaran mota lafiya lau sai leɓe da ya tsage. Ya ce, "Madam, an ce kun yi sadakata ba ni nan, a ajiye mani rabona." Na zauna a ƙasan siber ina dariya ina kuka, abokan ciniki na kallona, ban damu ba.

Daga ranar muka sa sabuwar doka, kuma ita ce kuke bi har yau ko da yake forom ya zama tarihi. In za a sauya tsari, ba a rufe tsohon sai an jera shi da sabon an duba mutum-mutum. Laƙabin da ya shafi rai kuwa ba a barin inji ya kwashe shi, hannu ke sawa. Ku kuna ganin ƴar kalma ce ƙarƙashin suna. Mutanenmu shaida suke ɗaukarta, don sun san akwai wanda ya tsaya a bayanta.

Da Buba ya dawo Agadas, ya zo siber kamar yadda aka saba don a cire masa Kan hanya. Wannan karon da Mariama ya zo, ita da ba ta taɓa taka wurin ba. Ta tsaya bayan kujerata, kunne ɗaya da ɗan kunne, ɗaya babu. Ta ce, "Nuna mani sunansa." Na nuna. Ta ce, "Cire ina gani." Na danna, na mayar da shi Ɗan gida, na karanta mata da ƙarfi. Ta sa Buba ya sake karantawa, ya karanta. Sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro ɗan kunnen, ta mayar da shi a kunnenta, ta ce wa mijinta, "Mu je gida."