Ranar da Dogo Ya Faɗi Kalma Guda

Allah ya yi wa Dogo ido, wannan ko matarsa ba ta musu. A ƙauyenmu, gefen hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe, shi ne mai hange. Da hantsi yake hawa kukar bakin ganuwa, ya zauna a kan wani reshe da ya yi sulɓi saboda gogar wandonsa, yana duban gabas da yamma. A shekarun nan mahayan Kabi sukan faɗo wa ƙauyuka su kore shanu, don haka aikin ba na wasa ba ne. Ladansa kuwa, an ɗauke masa noman gandun mai gari, kuma da kaka kowane gida yana kai masa damin gero. Ga mutumin da hauya ke sa wa ciwon baya tun tana jingine a bango, wannan ni'ima ce babba.

Dogo yana hango raƙumi a inda kai za ka rantse tururuwa ce, har ya gaya maka ƙafar da ke ɗingishi. Wahalar tana farawa ne idan ya sauko. Shi a wurinsa, abin da aka gani ƙaramin abu ne, kowa ma yana iya gani. Yadda aka yi aka gan shi, wannan ne ilimi, kuma bai yarda a tauye wa jama'a haƙƙinsu ba.

Sai ya iso ƙofar mai gari Atiku, ya durƙusa, ya gyara riga. "Ranka shi daɗe, ina zaune bisa reshen nan, ba na ƙasa ba, na bisa, wanda Namadi yac ce zai karye bara, ga shi bai karye ba. To gabas nika dubi. Sai wani ƙuda yat taɓa min kunne. Garin korar shi, sai wani abu yag gilma ta wutsiyar idona. Ban ce na gani ba, ranka shi daɗe, gilmawa yay yi. Nic ce Dogo, kada ka yi gaggawa."

Wannan nasiha da yake yi wa kansa, bai taɓa saɓa mata ba. Daga gilmawa sai ya tsinkayo, daga tsinkaye sai ya kare rana da tafin hannu, daga nan sai ya ƙura ido, kuma kowane mataki yana da tarihinsa. Akwai ranar da ya hango ayarin fatake daga Jega. Yana cikin bayani fataken suka shigo, suka sauke jakuna, suka sha ruwa, madugunsu ya zo ya zauna a bayan taro yana saurare. Da Dogo ya tsaya shan numfashi, mutumin ya ce, "To Malam, daga nan sai me ya faru?" Shi ma yana so ya ji ko an gan shi.

Mun saba. Da mun ga Dogo ya sauko, mai goro ya ɓare, mai saƙar hula ya ɗauko allurarsa, tsofaffi su miƙe ƙafa. A gari irin namu ba kullum ake samun abin saurare kyauta ba.

Abin ya daina ba da dariya ranar da mahaya suka zo. Dogo ya gan su tun suna nesa, a nan babu wanda ya isa ya zarge shi. Amma yana daidai wurin da yake tantance ko ƙura ce ko hayaƙi, suka kore shanun Namadi, wani ɗan garinmu, daga fadama suka yi yamma da su. Namadi ya samu labarin daga bakin makiyayinsa, sannan ya dawo ya tarar da Dogo bai iso wurin dawakin a labarinsa ba tukuna.

Mai gari ya yanke hukunci a gaban kowa. "Dogo, daga yau abin da kag gani, kalma guda. Ka ƙara ta biyu, ka bar kuka, ka ɗauki hauya ka bi ni gandu."

Dogo ya buɗe baki zai yi bayanin yadda ya ji wannan magana, ya tuna, ya rufe.

Atu matarsa ce ta ɗauki nauyin karatun, don ta san in aka sauke shi dammunan gero sun tafi, kuma ta san irin noman da mai gidanta zai yi. Sai ta ɗaga ludayi ta ce, "Malam, mi kag gani?"

"To, sa'ad da kinka ɗaga hannu..."

Sai ta mayar da murfin akushi. Haka aka yi ta yi har mutumin ya rame, amma ya koyi cewa "ludayi" ya yi shiru, idonsa cike da ƙwalla saboda abin da ya haɗiye.

Bayan an gama girbi, wata rana da azahar, masu farautar gafiya suka sa wa kara wuta a bayan gari, iska ta kwashe ta zuwa rumbunan mai gari. Mu muna zaune a ƙofar masallaci, iskar tana kai hayaƙin nesa da mu. Sai ga Dogo a guje, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya durƙusa, kumatunsa sun kumbura da labari, ya ce, "Wuta."

Muka gyara zama. Mai goro ya ɓare.

Mai gari, wanda shi ya kafa dokar da bakinsa, ya jingina da bango ya ce, "To, muna jin ka."

"Wuta."

"Na ji. Wane reshe kake?"

Gumi ya karyo wa Dogo. Ga rumbu yana ci, ga hauya tana jiransa a bayan kalma ta biyu. Ya miƙa hannu yamma yana kaɗawa.

"Yau yamma yaj juya," in ji Namadi. "An samu sauyi."

Wani ya ce ai da wutar murhun Atu labarin zai fara, a yi haƙuri, za a iso. Liman ya ce a daina katse shi, bawan Allah yana tattara tunaninsa. Dogo ya sake faɗin kalmarsa, a hankali, kamar mai roƙo.

Atu ce ta wuce da tulu a kai, ba ta ko tsaya ba. "Ranka shi daɗe, rumbunanka na ci da wuta. In an gama sauraro a biyo ni."

Rumbu ɗaya muka ceto, shi ma ya yi baƙi.

Da yamma mai gari ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, ya dubi Dogo. Liman ya yi gyaran murya ya ce kalma guda aka nema, kalma guda aka bayar, maimaita ta kuwa ba ƙari ba ne. Mai gari ya karkaɗe tokar da ke ƙafarsa, ya ce Dogo ya koma kukarsa, kuma ya riƙa magana yadda Allah ya halicce shi, tunda da ita muka fi ganewa. Aka ƙara sharaɗi ɗaya: duk ranar da ya sauko, a fara aika wa Atu.

Dogo bai riƙe mai gari a zuci ba. Cikin dammunan da aka kai masa ya riƙa ɗaukar gero da kansa yana kai gudummawa gidan, kuma duk zuwa sai ya zauna ya ba mai gari labarin yadda aka yi ya ga wutar, tun daga reshe. Mai gari yana cin geron, ba shi da bakin cewa ya isa.

Ya tsufa a kan kukar, har sai da aka riƙa kafa masa tsani. Na sha zama wurin labarin nan, kuma ina iya shaida cewa har Allah ya karɓi ransa, bai iso wurin hayaƙin ba.