Labulen Zane a Tashar Gummi

Tun hantsi Marka mai ƙosai take lura da baƙuwar nan mai jiran motar Anka. Gajeriya ce, ƙafar tabaraunta ɗaure da zare, tana jan carbi mai ɗan gicciye, leɓɓanta na motsi. A zaton Marka, malamar asibiti ce 'yar Katolika, wadda aiki ya raba da uwarta.

Gefen baƙuwar wata tsohuwar Bafillatana ce zaune, yunwa ta bayyana a fuskarta. Baƙuwar ta sayi ƙosai ta miƙa mata.

"Na ƙoshi, ɗiyata," in ji tsohuwar, tana kau da kai.

Marka ta raɗa wa baƙuwar, "Hillani ba su cin abinci gaban jama'a, ko da za su faɗuwa."

Baƙuwar ba ta matsa mata ba. Ta ajiye ƙosan, ta ware zanen kafaɗarta tsakanin tsohuwar da idon mutane, ta kau da fuska. Carbin na lilo a yatsanta.

Ɗan kamasho na ta kiran Anka, mota ta kusa cika. Ba ta sauke hannu ba.

Daga bayan zanen, can ƙasa-ƙasa, Marka ta ji an ce, "Bisimillahi."