Jemagun Ɗorawar Gbalahi

A Gbalahi na tashi, lokacin da ɗorawa ta fi gidaje yawa. Kakata, Mma Asana, daddawa take yi. Kalwa ba ta laushi da wuri, don haka bayan magariba sai mu kewaye tukunyar, ita tana tura itace, mu muna jira. Sai wuta ta kama sosai take cewa, "To, tatsuniya ta iso. Wa zai ba ta tabarma?"

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta manomi Alasan. Duk sa'ad da ɗorawar gonarsa ta yi jajayen furanni, jemagu sukan cika ta da kuka da kashi. Ya gaji, ya tara busasshen barkono a gindinta ya cinna wuta. Jemagu suka tashi. A shekarar furanni suka zube ba ɗa ko ɗaya, miyar gidansa ta zama lami. Ya ce itacen banza ne, ya sare shi. Tsuntsayen da ke kwana a kai suka watse, tsutsa ta samu sake ta cinye masa masara. Sai ya ɗauki goro ya tafi kogon jemagu neman gafara.

A nan Mma takan sirantar da murya. "Sarkinsu ya ce, mun yafe maka, Alasan. Amma waɗanda suka san hanyar gonarka duk sun mutu."

"Sai kuma yaya, Mma?"

"Babu kuma. Ya dawo gida."

Mukan ji haushi, domin Gizo ma yakan samu mafita.

Ni na gaji sana'ar daga wurinta. Yau ina zaune a Dungu, kuma rabin daddawata waken soya ne, don kalwa sai daga nesa. Bara 'yata Rahina, wadda ke karatun itatuwa da namun daji, ta buɗe mini kwamfutarta. Ɗige-ɗige ne masu launi, kowanne halitta guda, zare ya haɗa mai ci da abin ci, mai sheƙa da itacensa.

"Mma, taɓa jemage ki gani," in ji Rahina.

Na taɓa. Ya ɓace. Ɗorawa ta dushe, wasu tsuntsaye suka bi ta, zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai na janye hannuna.

"Kar ki damu," in ji ta. Ta danna wani wuri, komai ya dawo.

Na roƙe ta ta nuna mini Gbalahi. Ta jawo taswira, ta faɗaɗa da yatsu biyu. Rufin kwano ne a jere, har inda gonar kakata take a da. Na daɗe ina kallo.

Da muna yara na ɗauka Mma Asana tana yi mana gargaɗi ne, kada mu zama Alasan. Yanzu ina ganin ta riga ta ji ƙarar gatari daga nesa, tana koya mana yadda ake dawowa gida hannu rabbana.

"Rahina, a nan wane wuri ake dannawa komai ya dawo?"