Ƙofofin Kawu Isaka

Da gawayi a hannuna na fara jin sunansa. Ban shiga lakwal ba tukuna, wato makarantar boko, na zaro gawayi daga murhu na cika bangon ɗakin Inna da zane, a gidanmu na unguwar Talladje. Inna ta fito daga wanka ta tsaya tana kallo. Na jira duka, shiru. Can ta ce, "To, Isaka ya biyo mu har nan," ta ɗauko tsumma ta goge.

Isaka yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ɗan kasuwa ne da ya taso daga Tawa ya gina gidan ƙasa a Saga, kusa da gonakin shinkafa. Ya so babban ɗansa ya gaje shi a rumfar atamfa, Kawu ya ƙi, ya zama malamin lakwal a nan Saga. Wannan kam da an haƙura. Abin da dangi suka kasa haɗiyewa shi ne darasin da ya zaɓa ya riƙe. Akwai lokacin zane a ƙarshen mako, wanda sauran malamai ke mayarwa na lissafi ko na shara. Kawu ya bi su aji-aji yana roƙo su bar masa, suka bar masa da murna. A gida ana ce masa mai wasan ƙasa. Yara kuwa Mushe Isaka suke cewa, wato Malam Isaka da bakin lakwal, kuma ko sun wuce kwaleji sukan dawo da yamma su zauna cikin ƙanana.

Lakwal ɗin ba ta da fenti, ba ta da takardar ɓatawa. Yara ke kawo jar ƙasa daga bakin kogin Isa, da gawayi, da farar ƙasa, da ɗan shunin wanki. A daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro don ya kama. Allonsu shi ne dogon bangon da ya kange filin lakwal ta baya.

Da farko komai suke zanawa. Sai wata rana wani uba ya zo ya ce, "Mushe, na turo ɗana karatu, na ji kana sa shi yin siffar abu mai rai." Kawu bai yi gardama ba. Da mako ya zagayo ya ce wa yara kowa ya je ya kalli ƙofar gidansu da kyau, ya zo ya zana. Ya fara zana ta gidan Kaka don su ga misali. Daga nan abin ya zama al'ada: duk yaron da ya shigo lakwal ɗin sai ya bar ƙofarsu a bango kafin ya fita.

Ni ma na zana tawa, wani hutu da aka kai ni Saga. Na yi ƙofa mai kyau, a miƙe, na shafe ta da shuɗi. Kawu ya duba ya ce, "Ƙofar wa ce wannan, Anisa?"

"Tamu ce, Kawu."

"A'a. Taku tana da tsaga a ƙasa inda kyanwa ke bi. Kin gyara wa babanki ƙofa ba tare da ya sa ki ba? Ba ƙofa na ce ki zana ba, ɗiyata. Ƙofarku na ce."

Na yi fushi, na kuma sa tsagar.

Da damanar 2020 kogi ya cika ya shigo Saga. Gidajen ƙasa suka jiƙe suka zauna, har da na Kaka, inda Kawu ke zaune shi kaɗai tun rasuwar iyayensu. Lakwal ɗin tana kan tudu, sai aka zuba waɗanda suka rasa gida a cikin azuzuwa. Muka je da Inna kai masa abinci, muka tarar da mata a tsaye gaban bangon. Ba mai magana da ƙarfi. Kowace na bi da yatsa tana neman tata. Wata tsohuwa ta samu wadda jikarta ta zana, ta shimfiɗa tabarmarta a ƙarƙashi, can ta wuni.

Inna ba ta taɓa zuwa ganin bangon ba. Ta bi shi a hankali har ƙarshe, ta tsaya.

"Yaya, har da ƙusar da Baba ke rataya buzu?"

"Ga ta nan a lanƙwashe. Ke kika lanƙwasa ta da lilo, Asma'u, aka doke ni."

Inna ta yi dariya, sai dariyar ta karye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ranar ban ƙara jin ta ce mai wasan ƙasa ba.

Da ruwa ya ja aka kwashe mutane, wata ƙungiya ta zo gyara lakwal. Suka gyara rufi da makewayi, suka ce za su shafe duk bangaye da fenti. Kawu ya je wurin daraktan lakwal ya roƙa a bar na baya. Darakta ya ce shi ma yana so, amma masu aiki sun riga sun tsara abin da za a sa a wurin, hoton hannuwa da sabulu, don yara su koyi wanke hannu. "Ai shi ma zane ne, Mushe," in ji shi. Kawu ya koma ya roƙi rabi. Ya sake komawa ya roƙi kusurwa ɗaya. Na ɗauki hotunan ƙofofin da wayata, amma yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani, ya kai wayar dab da fuska ya ce ba ya ganin komai sai haske.

Ranar da aka shafe, yana tsaye a filin. Ya ajiye aiki a shekarar, Inna ta ɗauko shi ya dawo wurinmu Talladje. Yakan zauna a ƙofar gida, wani lokaci ya sunkuya ya shafa tsagar kyanwar. Bai daɗe sosai ba Allah ya yi masa rasuwa.

Har yanzu duk ƙarshen damana nakan hau kabu-kabu in je Saga. Mai gadin lakwal ya san ni, ba ya tambaya. Bangon rawaya ne, hannuwan da sabulun sun fara koɗewa. Ban ga komai a ƙarƙashi ba tukuna. Ina zuwa ne saboda wata yamma, yana zaune ina tsince shinkafa kusa da shi, Kawu ya ce mini:

"Jar ƙasar da ta sha ƙaro tana fitowa, Anisa. In ruwa ya daki fentin nan shekara da shekaru, za ta huda shi. Ki riƙa leƙawa bayan damana. In ƙofofin sun fara fitowa, kar ki fara neman tamu. Ki je ki gaya wa mutanen Saga su zo."